TARIHIN NELSON, SARKIN YAƘIN RUWAN INGILA, DA RANAR DA AKE TUNAWA DA SHI

A wannan fitowa, filinmu na tarihin mashahuran mutane zai ƙetare teku. Za mu kawo muku labarin wani Bature mutumin Ingila mai suna Horashiyo Nelson. Ya mutu yau fiye da shekara 200, amma har gobe duk ranar 21 ga watan Oktoba sojojin ruwan ƙasarsa sai sun taru sun tuna da shi. Suna kiran ranar da suna Ranar Tarafalga, wato sunan wurin da aka gwabza yaƙin da ya ci nasara kuma ya rasa ransa a cikinsa, a shekarar 1805.

Wani zai ce, mu da muke zaune a Fadan Kagoma tsakanin gonakin citta, ina ruwanmu da yaƙin teku? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Kowane ɗan kasuwa ya san cewa wanda ya riƙe hanya shi ya riƙe kasuwa. Wannan yaƙi shi ya bar wa Ingila hanyar teku a hannunta har wajen shekara ɗari, kuma ta wannan hanya ce Turawa suka kafa ƙafa a Ikko, suka hauro Arewa, har suka shimfiɗa layin dogon da ya ratsa Kafanchan.

HAIHUWARSA DA TASOWARSA

An haifi Nelson ran 29 ga Satumba 1758 a wani ƙauye mai suna Burnham Thorpe, a lardin Norfolk da ke gabashin Ingila. Don mu gane zamanin sosai, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da aka haifa a 1754 ya girme shi da shekara huɗu ne kacal. Mahaifinsa Edmund limamin cocin ƙauyen ne, mai rufin asiri amma ba mai dukiya ba. Nelson shi ne na shida cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Yana da shekara tara mahaifiyarsa Catherine ta mutu, a watan Disamba 1767, ta bar uban da ɗawainiyar yara.

Ga Turawa ma kawu kawu ne. Ɗan'uwan mahaifiyarsa, Kyaftin Maurice Suckling, babban hafsa ne a sojan ruwa, shi ya ɗauki yaron ya sa shi a jirginsa a 1771, yana ɗan shekara 12. Yaro ne siriri, mai yawan laulayi, kuma abin mamaki, har ya mutu idan teku ta yi tashi sai jiri da amai sun kama shi.

Jiragen wancan zamani na katako ne, babu inji. Iska ce ke tura su, ta hanyar manyan ƙyallaye da ake ɗaurawa a kan dogayen turaku. Babban jirgin yaƙi yakan ɗauki mutum 600 zuwa 800, da igwa 64, ko 74, ko sama da 100, an jera su hawa-hawa a gefen dama da gefen hagu. Abinci busasshen biskit ne da naman da aka jiƙa da gishiri. Mai laifi bulala ce hukuncinsa. Da yawa daga cikin ƙananan ma'aikata ma kamo su ake yi da ƙarfi a garuruwan bakin teku.

A cikin wannan wahala yaron ya koyi aiki. Kawun ya fara tura shi tsibiran Karebiyan a jirgin 'yan kasuwa don ya goge. A 1773 ya bi wata tafiya zuwa yankin ƙanƙara can ƙarshen arewacin duniya. Daga nan sai Indiya, inda zazzaɓin cizon sauro ya kusa kashe shi, aka dawo da shi gida a 1776. Ya ci jarrabawar zama laftanar a 1777, a 1779 kuma ya zama cikakken kyaftin mai jirgin kansa, bai ko cika shekara 21 ba.

RIGIMARSA DA 'YAN KASUWA

A 1784 aka tura shi tsibiran Karebiyan da wani jirgi mai suna Boreas. Dokar Ingila ta lokacin ta ce ba a yarda jirgin baƙi ya yi ciniki da ƙasashen da ke ƙarƙashinta ba. Amurka kuwa ta riga ta ɓalle ta sami 'yancin kanta, saboda haka jiragenta sun zama na baƙi. Amma mutanen tsibiran sun saba sayen abinci da katako daga Amurkawa da araha, manyan wurin kuma sun kau da kai. Nelson ya ce doka doka ce, ya shiga kama jiragen Amurka. 'Yan kasuwar tsibirin Nevis suka haɗa kai suka kai shi ƙara, har ya daɗe bai iya sauka daga jirginsa ba don gudun kada a kama shi. Daga baya kotu ta ba shi gaskiya.

A wannan tsibiri ne ya auri wata bazawara mai ɗa ɗaya, Frances Nisbet, ran 11 ga Maris 1787. Kawunta shi ne shugaban majalisar tsibirin, mai babbar gonar rake da bayi ke nomawa. A riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Da ya koma Ingila sai aka ajiye shi. Shekara biyar yana zaune a ƙauyensu a kan rabin albashi, yana rubuta takardun neman aiki ba amsa. Sai a farkon 1793, da yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Faransa bayan Faransawa sun kashe sarkinsu, aka tuna da shi, aka ba shi jirgi mai igwa 64 mai suna Agamemnon, aka tura shi Bahar Rum.

YADDA YA RASA IDO DA HANNU

A watan Yuli 1794, wajen kewaye garin Calvi a tsibirin Kosika, harsashin igwa ya faɗi kusa da shi ya watsa masa tsakuwa a fuska. Tun daga ranar idonsa na dama bai ƙara gani sosai ba.

Sunansa ya fara fita ne ran 14 ga Fabrairu 1797, a wani yaƙi da aka yi da Sifen, wadda ta koma bayan Faransa. Jiragen Ingila 15 suka kara da na Sifen 27 a kusa da gaɓar Fotugal. Nelson ya fita daga sahu, ya tare gaban abokan gaba don kada su haɗe, ya jagoranci mutanensa da takobi suka haye wani jirgin Sifen suka kama shi, daga kansa kuma suka tsallaka cikin wani wanda ya fi shi girma, shi ma suka kama. Sarki ya ba shi lambar girma.

Amma ba kullum ake kwana a gado ba. Bayan wata biyar, a watan Yuli 1797, ya kai hari garin Santa Cruz a tsibirin Tenerife, wanda ke cikin teku daura da ƙasar Maroko. Mutanen garin ƙarƙashin Janar Gutiérrez suna shirye. Nelson yana ƙoƙarin sauka daga kwalekwale harsashi ya farfasa masa hannun dama. A daren likita ya yanke hannun, ba allurar kashe zafi. Turawan Ingila suka sha kashi, suka janye. Ku lura da wannan: har yau mutanen Tenerife suna bikin ranar 25 ga Yuli kowace shekara, ranar da suka kori Nelson. Kowa da ranar da yake tunawa. Shi kuwa ya koma gida ya koyi rubutu da hannun hagu, kafin shekara ta zagayo ya koma teku.

YAƘIN MASAR

A 1798 wani matashin janar na Faransa, Napoliyon, ya taso da babbar runduna ya ci tsibirin Malta, ya sauka Iskandariyya a farkon Yuli, ya karya mayaƙan Masar, ya shiga Alƙahira. Nufinsa ya tare wa Ingila hanyar Indiya, inda babbar kasuwarta take. Nelson ya yi makonni yana neman jiragensa a Bahar Rum. Ran 1 ga Agusta da yamma ya same su a tsaye a mashigin Abu Ƙir, kusa da bakin Kogin Nilu.

Manyan jiragen Faransa 13 ne, sun jeru kusa da gaɓa, suna ganin ba mai iya bi ta bayansu saboda ruwan ba zurfi, kuma ba mai kai hari ga dare na shigowa. Jiragen Ingila suka ratsa ta bayan, wasu suka tsaya ta gaba, aka sa Faransawa a tsakiya. Wajen ƙarfe goma na dare babban jirginsu mai suna Orient ya kama wuta, albarushin cikinsa ya tashi, ya tarwatse da ɗaruruwan mutane. Cikin jirage 13, biyu ne kawai suka tsira. Nelson kansa ya ji rauni a goshi.

Wannan ya bar sojojin Faransa a Masar kamar kifi a rijiya, ba hanyar kawo musu gudummawa, har suka miƙa wuya suka fita a 1801. Masar a lokacin tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya, saboda haka Sultan Salim na Uku ya aiko wa Nelson da wani ado na lu'ulu'u da ake maƙalawa a rawani, ya riƙa sa shi a hularsa. Ɓarayi sun sace wannan ado daga gidan tarihi a Landan a 1951. Kamfanin Ingila mai ciniki da Indiya kuma ya ba shi kyautar fam 10,000. Kun ga su 'yan kasuwa sun san wanda ya tsare musu hanya.

TABON DA KE JIKIN SUNANSA

Tarihi ba kirari ba ne, dole a faɗi ɗaya gefen. Bayan yaƙin Masar ya sauka birnin Napoli na Italiya, a gidan jakadan Ingila, Sir William Hamilton. A nan ya ƙulla alaƙa da matar jakadan, Emma. Abin ya zama abin magana a Turai duka. Ta haifa masa 'ya mace a farkon 1801, aka sa mata suna Horatia, shi kuma ya juya wa matarsa ta aure baya, bai ƙara zama da ita ba, alhali ita ce ta yi jinyarsa lokacin da aka yanke masa hannu.

Na biyu, a 1799 wasu mutanen Napoli suka yi wa sarkinsu tawaye da goyon bayan Faransa. Da aka ci ƙarfinsu sai suka ajiye makamai bisa alkawarin za a bar su su fita. Nelson ya iso ya ƙi amincewa da wannan sulhu, aka miƙa su ga sarkin, aka kashe da yawa. Wani babban hafsan ruwa na Napoli mai suna Caracciolo, a rana ɗaya aka yi masa shari'a aka rataye shi a jikin jirgi da izinin Nelson. Cin amanar wanda ya ajiye makami abin kunya ne a ko'ina, kuma har a majalisar dokokin Ingila an yi tir da abin da aka yi a Napoli.

Na uku shi ne maganar bayi. Nelson abokin masu gonakin rake ne na Karebiyan tun zamansa a can. A watan Yuni 1805 ya rubuta wa wani babban mai bayi na Jamaika, Simon Taylor, wasiƙa yana nuna adawarsa ga William Wilberforce, ɗan majalisar da ke fafitikar a hana cinikin bayi. Bayan mutuwarsa masu son a ci gaba da cinikin suka buga wasiƙar a jarida, har da canje-canjen da suka yi mata, don su fake da sunansa.

HANYAR TARAFALGA

Ran 2 ga Afrilu 1801 ya yaƙi jiragen Denmak a bakin babban birninsu. Ana cikin ɗauki ba daɗi sai shugabansa, Adimiral Parker, ya ɗaga tutar a janye. Labarin da ya shahara shi ne Nelson ya ɗora madubin hangen nesa a kan makahon idonsa, ya nuna shi bai ga wata tuta ba, ya ci gaba har ya yi galaba.

An yi ɗan sulhu da Faransa a 1802, yaƙi ya sake ɓarkewa a watan Mayu 1803. Napoliyon, wanda ya naɗa kansa sarki a 1804, ya tara sojoji a bakin tekun da ya raba Faransa da Ingila, yana jiran jiragensa su share masa hanya ya ƙetare. A wannan shekara ta 1804 ce Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, aka kuma yi yaƙin Tabkin Kwatto. Nelson kuwa yana cikin jirginsa mai suna Victory, yana gadin jiragen Faransa da ke tashar Toulon. Wajen shekara biyu bai taka ƙasa ba.

A ƙarshen Maris 1805 Adimiral Villeneuve na Faransa ya sulale ya fita, ya haɗu da jiragen Sifen, suka ƙetare Tekun Atilantika zuwa Karebiyan don su janye hankalin Ingila. Nelson ya bi su har can, ya sake biyo su har Turai. Dabarar ta rushe, Villeneuve ya shige tashar Kadis a kudancin Sifen. Napoliyon ya fusata, ya kwashe sojojinsa a ƙarshen Agusta ya nufi Ostiriya. Wato tun kafin a yi yaƙin Tarafalga an riga an fasa ƙetarawa Ingila a wannan shekara. Abin da yaƙin ya yi shi ne ya rufe ƙofar gaba ɗaya.

RANAR 21 GA OKTOBA 1805

Tarafalga wani tsinin ƙasa ne da ya shiga teku tsakanin Kadis da Jibraltar. Sunayen biyu duk daga Larabci suke, tun zamanin mulkin Musulmi a Andalus. Jibraltar asalinsa Jabalu Ɗariƙ, dutsen Ɗariƙu bin Ziyad, farkon Tarafalga kuma kalmar nan ce ɗaraf, wato gefe ko baki.

Villeneuve ya fito da manyan jirage 33, na Faransa 18, na Sifen 15. Nelson yana da 27. Al'adar yaƙin ruwa ita ce kowane ɓangare ya jera jiragensa sahu ɗaya, a tsaya gefe da gefe a yi ta harbi, tunda igwa a gefen jirgi take. Irin wannan yaƙi sau da yawa yakan tashi ba wanda ya ci wani. Nelson ya raba jiragensa gida biyu, shi yana gaban ɗaya, abokinsa Collingwood yana gaban ɗaya, suka doshi sahun abokan gaba kai tsaye don su datsa shi gida uku. Kafin na gaba su juyo su kawo ɗauki, an gama da na tsakiya da na baya. Tun makonni kafin ranar ya tara kyaftin-kyaftin ɗinsa ya bayyana musu shirin, har kowa ya san abin da zai yi ko da hayaƙi ya hana shi ganin tutar shugaba.

Haɗarin dabarar shi ne jirgin da ke gaba zai sha wuta ba tare da ya iya ramawa ba. Ga iska ta yi rauni a ranar, jiragen suna tafiya kamar mai tafiya a ƙasa. Kafin a fara, ya sa aka ɗaga tutoci masu isar da saƙo cewa ƙasarsu tana sa ran kowane mutum ya sauke nauyin da ke kansa. Victory mai igwa 104 da mutum fiye da 800 ya sha harbi wajen minti arba'in kafin ya fasa sahun, sannan ya sarƙe da wani jirgin Faransa mai suna Redoutable, wanda kyaftin ɗinsa ya ɗora 'yan bindiga a saman turakunsa.

Nelson yana kai da kawowa a sarari tare da Kyaftin Hardy, sanye da rigarsa mai taurarin girma a ƙirji. Wajen ƙarfe ɗaya da kwata harsashi ya sauko daga sama, ya shiga ta kafaɗarsa ta hagu, ya huda huhu, ya tsaya a ƙashin baya. Aka sauka da shi ƙasan jirgi wurin likita Beatty. Ya yi awa uku yana jin jiki, Hardy yana saukowa yana gaya masa yadda ake ciki. Sai da ya ji an ci nasara, sannan ya cika da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, yana da shekara 47.

Faransa da Sifen sun rasa jirage 18 a ranar, Ingila ba ta rasa ko ɗaya ba. An kashe wa Ingila mutum wajen 450, wasu wajen 1,200 suka ji rauni. Na ɗaya ɓangaren kuwa waɗanda suka mutu sun haura 4,000. Bayan yaƙin sai guguwa ta taso ta yi kwanaki, ta nutsar da yawancin jiragen da aka kama tare da masu rauni a ciki. Huɗu ne kawai aka iya kaiwa Jibraltar.

JANA'IZA DA RANAR TUNAWA

An sa gawarsa a cikin gangar barasa don kada ta lalace a hanya. Labari bai isa Landan ba sai ran 6 ga Nuwamba. Aka binne shi ran 9 ga Janairu 1806 a babbar majami'ar St Paul, a cikin akwatin da aka sassaƙa da katakon turken jirgin nan Orient da ya tarwatse a Abu Ƙir. Gwamnati ta ba ɗan'uwansa William sarauta da dukiya. Emma kuwa, duk da wasiyyar da ya bari cewa a kula da ita, ba a waiwaye ta ba. Bashi ya ci ta har aka ɗaure ta, ta gudu Faransa, ta mutu cikin talauci a watan Janairu 1815. Duniya ke nan.

A tsakiyar Landan aka buɗe wani dandali aka sa masa suna Tarafalga, aka gina dogon ginshiƙi mai tsawon kimanin ƙafa 169 da mutum-mutumin Nelson a samansa, aka gama a 1843. Zakoki huɗu na tagulla da ke gindinsa an kafa su a 1867. Ofishin jakadancin Nijeriya yana nan dab da wannan dandali. A jikin ginshiƙin akwai hoton tagulla na faɗuwar Nelson, a cikinsa ga wani baƙar fata riƙe da bindiga. Rajistar ma'aikatan Victory ta nuna akwai Amurkawa, da mutanen Karebiyan, da ɗan Afirka, har da Faransawa.

Babban bikin ranar bai kankama ba sai bayan shekara casa'in. Wata ƙungiya mai fafitikar a ƙara wa Ingila jiragen yaƙi ce ta shirya gagarumin taro a dandalin a 1896, aka yi wa ginshiƙin ado da furanni, daga nan abin ya bazu har ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya ƙare a 1918, wanda ya ci miliyoyin rayuka, sai zuciyar mutane ta sauya, ranar 11 ga Nuwamba ta tunawa da mamatan yaƙi ta danne ta. Mu ma a Nijeriya wannan rana ta Nuwamba muka gada, daga baya aka mai da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Duk da haka sojojin ruwan Ingila ba su bar ranar ba. Jirgin Victory yana nan a Portsmouth, an ɗora shi a busasshiyar tasha tun 1922. Duk ran 21 ga Oktoba akan ɗaga tutocin saƙon nan a jikinsa, a ajiye furanni a daidai inda Nelson ya faɗi, hafsoshi su yi liyafar dare, yara masu koyon aikin sojan ruwa kuma su yi fareti a dandalin Landan a ranar Lahadi mafi kusa. A 2005, da aka cika shekara 200, jiragen yaƙi na ƙasashe fiye da talatin suka taru a Ingila, har da na Faransa da Sifen. Nijeriya ta aika da babban jirginta na yaƙi da aka ƙera a Jamus, mai suna da Hausa, wato Aradu.

Wasu kuwa sun yi wa sunan nasa wani hisabi dabam. A birnin Dublin na ƙasar Ailan an tarwatsa ginshiƙinsa da bam a watan Maris 1966. A tsibirin Barbados, inda yawancin jama'a jikokin bayi ne, an sauke mutum-mutuminsa da ke tsaye tun 1813, aka kai shi gidan tarihi a watan Nuwamba 2020.

INDA ABIN YA SHAFE MU

Bayan Tarafalga ba wata ƙasa da ta ƙara iya ja da Ingila a teku har ƙarni ya juya. A 1807 majalisarta ta hana cinikin bayi, abin da Nelson bai so ba, kuma rundunar da ya bari ita aka sa ta tsare gaɓar Afirka ta Yamma tun daga 1808. Cikin shekara hamsin da 'yan kai ta kama jirage wajen 1,600, ta 'yanta mutum kimanin 150,000. Yawancinsu a Freetown ta Saliyo aka sauke su, kuma akwai Hausawa a cikinsu.

Amma wuƙar da ta yanke igiya ita ce kuma ta yanki nama. Hugh Clapperton da ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya kuma mutu a Sakkwato a 1827, hafsan sojan ruwa ne. Jiragen wannan runduna ne suka yi wa Ikko ruwan wuta a watan Disamba 1851, suka kori Sarki Kosoko, a 1861 kuma Ingila ta karɓe garin. Wani hafsan ruwa, John Glover, shi ya tara Hausawa a Ikko a 1863 ya kafa 'yar rundunar da ake ɗauka a matsayin tushen sojan Nijeriya. Daga nan sai kamfanin ciniki na Kwara, sai Lugga ya ɗaga tuta a Lokoja ran 1 ga Janairu 1900. Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar.

Wanda ya mallaki teku yana bukatar abin da zai loda wa jiragensa. Don haka aka ja layin dogo daga Fatakwal, Kafanchan ta zama mahaɗa a 1927, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos don kwaso kuza. Citta da gyaɗa da auduga da fata duk suka kama hanyar bakin ruwa. Fatake da suka saba fuskantar Arewa da hamada, sai ciniki ya juya musu fuska zuwa Kudu, da yawa kuma suka biyo dogo suka zauna a wannan yanki.

Wannan shi ne Nelson: maraya mai laulayi da ya zama gwarzon ƙasarsa, mai ido ɗaya da hannu ɗaya, wanda na ƙasa da shi suka so shi don yana shiga gaba kuma yana shawara da su, mai kuma tabo uku da ba su goguwa. Mutanensa sun adana jirginsa, da rigar da aka harbe shi a cikinta da hudar harsashin a kafaɗa, da sunan kowane ƙaramin ma'aikaci da ke cikin jirgin a ranar. Shi ya sa bayan shekara 200 ake iya auna shi, a yaba inda ya yi daidai, a kushe inda ya kauce. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ranar da dattijon da ya san shi ya kwanta dama, ya tafi ke nan.

Allah ya ba mu ikon sanin jiya don mu gyara gobe. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.